Yawon Daji da Ƙafa: Karatun da Mota Ba Ta Koyarwa

Gabatarwa

Yaron da aka haifa a cikin birnin Kano, ko a Fagge, ko Sabon Gari, ya san giwa a bakin mutane tun bai iya lissafi ba. Yakan ji ana cewa sawun giwa ya taka na raƙumi, yakan kuma ji maroƙa suna yi wa sarakuna kirari da giwa da zaki da ɓauna. Amma in ka ce ya zana maka sawun giwa a ƙasa, sai ya yi shiru. Iyakar saninsa da namun daji shi ne abin da ya gani a bayan waya a gidan dabbobi na Audu Bako, ko kuwa a talabijin.

Alhali kuwa ƙasar nan da muke takawa, daji ce a dā. Tsohon Tarihin Kano, inda ya ambaci Dala da Barbushe, ya ba da labarin wani ƙaƙƙarfan maharbi mai kashe giwa da sanda. Ko labarin yana da ƙari, ya nuna cewa mutanen dā sun san giwa a kewayen dutsen Dala. Sunan Kasuwar Kurmi ma, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), yana tuna mana da duhun itatuwa a inda yau sai rumfuna da cinkoson jama'a. Manufar wannan rubutu ita ce a bayyana wa ɗalibai da malamai da 'yan'uwa na ikkilisiya mene ne yawon daji da ƙafa a bayan jagora, yadda ake yin sa, da dalilin da ya sa ya shafe mu.

Daga safara zuwa safari

Turawa suna kiran yawon kallon namun daji da sunan "safari". Sun aro kalmar daga harshen Suwahili na Afirka ta Gabas, Suwahili kuma ya aro ta daga Larabci, inda ma'anarta take tafiya. Daga wannan tushe ne mu ma muka sami kalmar "safara", watau tafiyar fatauci. Fataken Kano da suka riƙa zuwa Gwanja neman goro da ƙafa suke tafiya, wata da watanni, a bayan madugu da jagaba, ta cikin dazuzzukan da babu hanyar mota. Saboda haka tafiya a daji bisa umarnin wanda ya san hanya ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe.

Abin da yake sabo shi ne mutum ya shiga daji ba don harbi ko ciniki ba, sai don kallo da neman sani kawai. Wanda aka fi dangantawa da soma wannan shi ne wani Bature mai suna Norman Carr (1912 zuwa 1997), wanda ya yi aikin gandun daji a ƙasar da ake kira Zambiya a yau. A 1950 ya shawo kan Sarki Nsefu na ƙabilar Kunda ya keɓe wani yanki na ƙasarsa a kwarin kogin Luwangwa domin dabbobi. Baƙi su zo su gani su biya, kuɗin kuma ya shiga baitulmalin mutanen wurin. Daga nan aka fara fita da baƙi da ƙafa, bindiga kuwa ta zama ta tsaro kaɗai. A Afirka ta Kudu, Ian Player da abokin aikinsa Magqubu Ntombela, wani Bazule gwanin bin sawu, sun fara irin wannan tafiya a dajin Imfolozi a ƙarshen shekarun 1950. Babban gandun Kruger ya bi sahu a 1978.

A lura da abu guda a nan. Turawa ne suka shirya tsarin, amma idon da ke karanta daji na 'yan ƙasa ne. Ilimin nan shi ne dai na maharbanmu, masu ɗaura kan burtu a goshi su yi rarrafe har su kusanci barewa ba ta ankara ba.

Yadda ake jerawa

Ba a shiga daji da taron jama'a. A Kruger ƙa'ida ita ce baƙi kada su wuce takwas, tare da jami'an gandun daji biyu masu bindiga. A Luwangwa ma ƙaramin ayari ake yi: mai gadin daji da bindiga a gaba, jagora mai bayani yana biye da shi, baƙi a tsakiya, wani ma'aikaci kuma a ƙarshe yana lura da baya. Ana tafiya ɗaya bayan ɗaya, kamar jerin gwano. Dalilan haka uku ne. Na farko, dabbar da ta hango jeri daga gaba abu guda take gani, ba garke ba, saboda haka ba ta cika firgita ba. Na biyu, na gaba shi ne zai fara haɗuwa da maciji ko rami. Na uku, in ta kama a ɗaga bindiga, babu wanda ke tsaye tsakanin mai bindiga da dabbar.

Akan fita da sassafe, da zarar gari ya yi haske, a yi sa'a uku ko huɗu, a komo kafin rana ta take. Ba tsere ake yi ba. Sau da yawa tafiyar ba ta wuce kilomita biyar zuwa goma, domin ana tsayawa a kai a kai. Magana kuwa sai da raɗa, ko da alamar hannu. In jagora ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya cik. In ya yi nuni da ƙasa, kowa ya durƙusa. Ba lokacin tambayar dalili ba ne. Bayani sai bayan an wuce wurin.

Karatun sawu

Wanda ke cikin mota yana ganin dabba. Wanda ke ƙasa yana ganin labarin abin da dabbar ta yi jiya da dare. Ga kaɗan daga cikin haruffan wannan karatu.

Giwa: sawun ƙafar gaba zagayayye ne kamar faifai, na baya kuwa ya fi tsawo, kamar ƙwai. In ka auna kewayen sawun gaba da igiya, ka ninka biyu, za ka sami kimanin tsawon giwar daga ƙasa zuwa kafaɗa. Ɗalibin lissafi ya ga amfanin darasin da'ira ke nan. Babbar giwa takan ci ganye da ciyawa da ɓawon itace har kilo 150 a rana, cikinta kuwa ba ya narkar da abincin duka. Jagora yakan fasa kashinta da sanda. In cikin yana da ɗumi da danshi, giwar ba ta yi nisa ba. In ya bushe har gara ta shiga, an kwana biyu. A cikin kashin nan akan ga ƙwallon aduwa da irin tsamiya da na wasu itatuwa, waɗanda za su tsiro nesa da uwarsu. Giwa manomiya ce ba da saninta ba.

Zaki da kura: sawunsu yana da yatsu huɗu, kuma baƙo yakan rikita su. Amma zaki da damisa dangin kyanwa ne, suna ɓoye farcensu in suna tafiya, don haka ba a ganin alamar farce a ƙasa. Kura kuwa farcenta a waje yake kamar na kare. A dubi bayan tafin kuma: na zaki yana da tudu uku, na kura biyu. Kashin kura in ya bushe fari fat yake kamar alli, saboda ƙashin da take taunawa.

Dorina: da rana tana cikin ruwa, da dare take fita kiwo. Sawunta yatsu huɗu ne manya, hanyarta kuwa layi biyu ne a jere da ɗan tudun ciyawa a tsakiya, sai ka ce ƙaramin amalanke ya bi.

Masu kofato: ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo da gada duk kofatonsu a rabe yake biyu. Da girma da siffa ake bambanta su. Na ɓauna ya yi kama da na babban sa, na gada bai fi ɗan yatsa ba. Inda kofaton ya buɗe ya nutse, ƙasa ta fantsama baya, dabbar da gudu ta wuce, sai jagora ya shiga neman abin da ya kore ta.

Shekarun sawu ma ana karantawa. Sabon sawu bakinsa da kaifi. In iska ta share gefensa, ko ƙwaro ya ratsa ta kansa, ko raɓa ta sauka a ciki, to ya kwana. In sawun zaki ya hau kan sawun takalmin da ayari ya bari jiya da yamma, ba sai an gaya wa kowa wanda ya bi bayan wani ba.

Iska, kunne da hanci

Yawancin namun daji sun fi dogara ga hanci da kunne a kan ido. Idon giwa ba shi da ƙarfi sosai, amma hancinta yana cikin waɗanda suka fi kaifi a duniya. Shi ya sa jagora yakan riƙe toka a ƙullin tsumma, ya girgiza, ya ga inda ta nufa. Kullum ana so iska ta taso daga wajen dabba zuwa wajen mutum. In ta juya, an fasa, sai a sake hanya.

Daji kuma yana da 'yan rahoto. Carki, tsuntsun da ke cin kaska a jikin shanunmu, shi ne ke bin ɓauna a daji. In ya tashi sama yana kuka daga cikin dogayen ciyayi, akwai babbar dabba kwance a wurin. Haushin gwaggon biri daga kan itace, da kukan zabin daji, da haushin mazo mai kama da na kare, duk sanarwa ce cewa wani abu yana yawo. Ungulaye da suka taru a kan itace guda suna nuna inda aka yi kisa, mai kisan kuwa watakila yana nan kusa yana gadi. Har shirun ma magana ne: in tsuntsaye suka ɗauke wuta gaba ɗaya, jagora yakan tsaya.

Idan an yi kiciɓis

Kowace dabba tana da iyakar da take yarda a kusance ta. Daga nesa za ta ci gaba da kiwo. In an matso, ta ɗaga kai ta zuba ido. In an ƙara matsowa, ko ta gudu ko ta yi gargaɗi. In aka ƙi jin gargaɗi, sai faɗa. Aikin jagora shi ne a ga dabba, a gama kallo, a janye, ita kuwa ba ta bar abin da take yi ba. Jagoran da ya kai ga harbi, a wurin masu sana'ar ya gaza ne, ba jarumtaka ya yi ba.

Babbar doka, wadda ta fi kowace wuyar bi, ita ce: kada ka gudu. Zaki da ɓauna sun fi kowane ɗan tsere na duniya gudu, dorina ma da ƙibarta takan wuce mutum a ɗan taƙi. Bugu da ƙari, a wurin zaki duk abin da ya juya baya ya sheƙa, abinci ne. Giwa in ta buɗe kunnuwa tana kaɗa kai tana ƙara tana watsa ƙura, sau da yawa barazana ce, tana cewa a ba ta wuri. Wadda ta sunkuyar da kai, ta naɗe hanci, ta taho shiru, ita ce da gaske take. Bambance waɗannan biyu ba aikin baƙo ba ne. Nasa shi ne ya tsaya a bayan jagora ya yi abin da aka ce.

Akwai wurare uku da ba a tsayawa: tsakanin uwa da ɗanta, tsakanin dorina da ruwa, da bakin kogi daf da ruwa inda kada ke kwanton ɓauna. Tsohon ɓauna namiji da ya rabu da garke shi ma abin kiyayewa ne, gama yakan kwanta a duhuwa ya taso ba sallama. Amma abin da ya fi kama masu yawo ba manyan nan ba ne. Ƙishirwa ce, da zafin rana, da ƙaya, da kaska, da ƙudan tsando, da maciji irin su kasa da kububuwa masu kwanciya a hanya. Don haka a dubi inda za a sa ƙafa, kada kuma a cusa hannu a rami ko kogon itace.

Ina ake samun wannan kusa da mu?

Gandun da ya fi kusa da Kano shi ne Falgore, kimanin kilomita 150 kudu da birni a kan hanyar Jos, a ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Da farko gandun itatuwa ne mai suna Kogin Kano, daga baya aka mai da shi gandun namun daji. Ruwan da ke cika madatsar Tiga ta cikinsa yake bi. Amma farauta ba bisa ƙa'ida ba da saran itace sun rage dabbobinsa ƙwarai, ɓarayin shanu da masu satar mutane kuma suka mai da shi maɓoya, har a 2017 rundunar soja ta kafa filin horo a ciki. Ba wurin da ɗalibi zai shiga da kansa ba ne.

Wanda ya fi suna shi ne Yankari a Jihar Bauchi, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a watan Disamba na 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. A nan ne ake samun ɗaya daga cikin manyan garkunan giwa da suka rage a Nijeriya, waɗanda aka ƙiyasta tsakanin 100 da 150, tare da ɓauna, gwanki, gwambaza, dorina, gadu, da tsuntsaye iri fiye da 350. A Yankari cikin mota ake zagayawa tare da jagora, amma akan sauka a taka zuwa wasu wurare, kamar kogunan Marshall da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse. A sansanin Wikki akwai maɓuɓɓugar ruwan ɗumi, wadda zafinta ke tsaye a wajen digiri 31 rani da damina. Lokacin da ya fi kyau shi ne ƙarshen rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta kwanta, dabbobi kuma suka taru a kogin Gaji. Masu yawon ƙafa na ainihi a Yankari su ne masu gadin daji, waɗanda kan yi kwanaki suna sintiri. Tun 2014 ƙungiyar Wildlife Conservation Society take tallafa wa aikinsu, wasunsu kuma sun rasa rayukansu a hannun ɓarayin mafarauta.

A Jamhuriyar Nijar, a yankin Kure mai nisan kilomita 60 daga Yamai, akwai ragowar raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma, suna kiwo a cikin gonakin mutane. A 1996 ba su wuce 50 ba. Da manoma da jagorori da hukuma suka haɗa kai, suka haura 600, har a 2018 aka ɗauki takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. A dā, a Kure baƙi sukan sauka daga mota su matsa kusa da su da ƙafa. Sai dai a watan Agusta na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a wurin, har da jagora ɗaya. Darasin a fili yake: dajin da ba shi da zaman lafiya, ba dabba ba, ba baƙo ba, ba mai cin abinci da shi, duk sun yi hasara. Saboda haka kafin makaranta ko ikkilisiya ta shirya tafiya ko'ina, dole a nemi shawarar hukumar wurin da ta jami'an tsaro.

Shirin tafiya

1. Tufafi masu launin ƙasa, ko toka, ko kore mai duhu. Fari yana tona asiri daga nesa, baƙi da shuɗi kuwa suna jawo ƙudan tsando.
2. Dogon wando, da safa, da rufaffen takalmi wanda ƙafa ta saba da shi. Ban da silifa.
3. Malafa ko hula, da gorar ruwa cike.
4. Ban da turare, da man shafawa mai ƙamshi, da rediyo. Wayar hannu a kashe ƙararta.
5. Ɗan littafin rubutu da fensir, da madubin hangen nesa in akwai.
6. Mai ciwon asma ko farfaɗiya ko wani ciwo ya gaya wa malami da jagora tun kafin a tashi.
7. Kada a ba dabba abinci, kada a tsinki kome, kada a yar da leda, kada a kunna wuta.

Amanar da ke wuyanmu

Littafin Farawa, sura 2, ya koya mana cewa Ubangiji Allah ya sa mutum a gona domin ya yi aikinta ya kuma kiyaye ta, sa'an nan ya kawo masa dabbobi ya raɗa musu suna. Mutum ba ya iya raɗa wa abu suna sai ya dube shi da kyau, ba ya kuma iya kiyaye abin da bai sani ba. A Littafin Ayuba, daga sura 38 zuwa 41, da Allah ya so ya koya wa bawansa tawali'u, ga namun daji ya nuna masa. Wanda ya taɓa tsayawa da ƙafafunsa biyu yana jin numfashin giwa a bayan kurmi ya fahimci wannan darasi ba tare da dogon wa'azi ba.

Amanar nan kuwa tana zubewa a kan idonmu. Zakunan da suka rage a dazuzzukan Nijeriya duka, bisa ƙiyasin masana, ba su kai 50 ba. Tsofaffin maharba masu sanin sawu suna ƙarewa, 'ya'yansu suna birni. In ba a sami masu gadonsu ba, jikokinmu za su riƙa karin magana da giwa kamar yadda muke tatsuniya da dodo.

Ba sai an je Zambiya za a fara ba. In an tafi hutu ƙauye, a nemi wani dattijo maharbi ko makiyayi a roƙe shi a bi shi bayan gari da asuba, a tambaye shi sunan kowane sawu da kowane itace, a rubuta. Matambayi ba ya ɓata. A cikin birni ma, a gindin Dala da Gwauron Dutse, da bakin kududdufan da suka rage, akwai balbela da shirwa da hankaka da kurciya iri iri da za a koyi kallo da su. Mai son ya mai da abin sana'a, akwai Kwalejin Tarayya ta Kula da Namun Daji a New Bussa, kusa da tafkin Kainji, akwai kuma cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum kusa da Jos, inda da ƙafa ake bin tsuntsaye. Iyaye kuma su taimaka wajen daina sayen naman dajin da doka ta hana, da hana yara harbin tsuntsu da danƙo don wasa kawai.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya kiyaye masu gadin dazuzzukanmu, ya kuma sa mu zama amintattun masu riƙon abin da ya halitta. Amin.